'Yan cikon benci da fuskar da aka ɓoye: nazarin bidiyon Nirvana na 1991

Ranar Asabar 17 ga Agusta, 1991, matasa suka yi dafifi a ƙofar wani ɗakin ɗaukar fim mai suna GMT Studios da ke Culver City, gefen Los Angeles a jihar Kalifoniya. Takarda ce ta kawo su. Kwana biyu kafin nan ƙungiyar kiɗan rok ta Nirvana ta yi wasa a gidan rawa na Roxy, aka bi mahalarta da takardar gayyata: ana neman masu shekara 18 zuwa 25, kowa ya yi shigar ɗan sakandare, kada a sa tufa mai tambarin kamfani, a hallara da ƙarfe 11:30 na safe, kuma a zo da shirin daɗewa. Suka zo da ɗoki, a zatonsu kallon wasa za su yi kyauta. Aka jera su a kan benci mai hawa-hawa, aka ce kowa ya zauna ya nuna alamar gundura, aka kunna waƙa ɗaya, ta ƙare, aka sake kunna ta, ta ƙare, aka sake. Haka suka wuni.

Abin da ya fito daga wannan wuni shi ne bidiyon waƙar Smells Like Teen Spirit. Ni aikina tace hoto ne, kuma duk yaron da ya zo koyon aiki a wurina sai na zaunar da shi ya kalli wannan bidiyo sau biyu, na farko da sauti, na biyu ba sauti. A kallo na biyu ne ake gane cewa dabara guda ce ke riƙe da shi tun daga farko har ƙarshe: a hana mai kallo abin da idonsa ke nema, a yi ta ja masa rai, sai can a sakar masa. Abu biyu aka riƙe. An hana taron tashi daga benci, an kuma hana mu ganin fuskar mawaƙin.

Halin da ake ciki kafin a kunna kyamara

Nirvana mutum uku ne a lokacin: Kurt Cobain mai waƙa da jita, Krist Novoselic mai jitar bes, da Dave Grohl mai ganguna. Daga garin Aberdeen na jihar Washinton ƙungiyar ta taso a 1987, ta yi suna a tsakanin masu kiɗan bayan fage na Seattle, sannan kamfanin fitar da waƙoƙi na DGC ya ɗauke ta. Kundinta na biyu, Nevermind, yana gab da fitowa. Kamfanin bai sa rai da wani abin a zo a gani ba, don kwafin da ya fara aikawa shaguna a Amurka bai kai 50,000 ba. Kuɗin bidiyon ma haka, tsakanin dala 30,000 zuwa 50,000. A shekarar da ta biyo baya 'yan ƙungiyar rok ta Guns N' Roses sun kashe sama da dala miliyan 1 a kan bidiyo guda.

Tashar talabijin ta bidiyon waƙoƙi, MTV, wadda ta fara aiki a 1981, ta riga ta koya wa masu kallo yadda bidiyon rok yake kama. Mawaƙi a bisa dandamali, fitila ta haske shi tas, gashi a gyare, kyamara na durƙusa masa daga ƙasa kamar mai gaisuwa a fada, motoci da 'yan mata a gefe. Tun daƙiƙa ta farko za ka san wane ne tauraro.

Wanda aka ba aikin, Samuel Bayer, bai taɓa ba da umarnin bidiyon waƙa ba. Mai zane ne, ya gama makarantar School of Visual Arts ta New York a 1987. Shi da bakinsa ya ce yana jin an ɗauke shi ne saboda samfurin aikin da ya nuna bai da kyau, sai ƙungiyar ta ɗauka zai yi musu abu mara ƙyalli, wanda ba ya warin kamfani. Labarin kuwa na Cobain ne: taron zuga ƙungiyar wasannin makaranta, irin wanda ake yi a sakandaren Amurka kafin babban wasa, ya rikiɗe ya zama bore. Ya samo tunanin daga finafinai biyu na 1979, Over the Edge na Jonathan Kaplan, da Rock 'n' Roll High School wanda ƙungiyar Ramones ta fito a ciki. Tun daga nan aka sami direba biyu a mota ɗaya. Cobain na son abu ɗanye mai datti. Bayer mai zane ne, hannunsa ba zai iya barin hoto ya yi muni ba ko ya so.

Haske da hayaƙi

Ba a makaranta aka yi aikin ba. Ɗakin ɗaukar fim ne aka shirya ya yi kama da zauren wasanni: benci, ragar ƙwallon kwando, fili a tsakiya. Idan ka kunna fitila sosai a irin wannan wuri, ƙarya ta ƙare, kowa zai ga kwalliyar kwana ɗaya ce. Bayer ya cika ɗakin da hayaƙi, ya ajiye manyan fitilu a baya da sama maimakon gaba.

Duk wanda ya taɓa shiga madafa da hantsi, rana ta ratso ta hujin kwano ta faɗa cikin hayaƙin itace, ya san abin da ke faruwa. Haske ba ya ganuwa a iska sai ya sami abin da zai daka. Hayaƙin ne ke ba shi jiki, ya zama kamar sanda da za ka iya kamawa. Sannan idan fitila tana bayan mutum, gefen gashinsa da kafaɗunsa ne ke kamawa da haske, fuskarsa ta faɗa duhu. Da wannan tsari guda aka jefi tsuntsu uku. Bangon ɗakin ya ɓace, ba wanda zai iya cewa ga inda zauren ya ƙare, don haka ƙaramin wuri ya yi faɗi kuma ƙaramin taro ya yi yawa. Mutane sun koma surori, gashi da kafaɗu da hannuwa. Fuskar Cobain kuma ta sami maɓoya.

Launin shi ne abin da ya fi zama a ƙwaƙwalwa. Komai ruwan goro ne da ruwan zuma da ƙasa-ƙasa, irin hasken la'asar sakaliya a tsakiyar hunturu lokacin da ƙura ta rufe rana. Babu shuɗin fitilar dandamali, babu farin haske mai tsabta. Wannan launi yana sa ka ji wurin ya tsufa, iskarsa ta yi nauyi, an daɗe ba a buɗe taga ba. Makaranta ce da ake so ka ji ƙuncinta a ƙirji kafin a fara fasa ta. A nan hannun mai zane ya fito fili, kuma a nan ne Cobain bai sami dattin da ya nema ba: ƙazantar ta yi kyau ƙwarai.

Daga ƙafa aka fara

Hoton farko ba na mawaƙi ba ne. Kyamara tana tafiya a hankali ta gefen benci, ta nuna ƙafafu, takalmin kambas yana buga ƙasa daidai da jita. Wannan ƙafa guda ta faɗi labarin duka a taƙaice: jiki na zaune, amma wani ɓangarensa ya riga ya fara tawaye. Ta kuma sanar da mai kallo inda ya kamata ya tsaya. Ba a kan dandamali kake ba, kana cikin yaran nan.

Dandamalin ma babu shi. Ƙungiyar na tsaye a daɓe ɗaya da kowa, masu kallon ne ma ke sama da su saboda hawan benci. Duk wanda ya saba da bidiyon rok na wancan zamani zai ji an juya masa tabarya. Kuma wannan shi ya sa ƙarshen ya yiwu, don babu wata katanga da taron zai tsallaka, saukowa kawai zai yi.

Shi Cobain yana sanye da riga mai ratsi-ratsi a kan wata mai dogon hannu, yana kaɗa jita da hagu, gashi ya zubo ya rufe masa ido. Idan kyamara ta matso, ko dai ya sunkuya, ko haske ya fito ta bayansa, ko a yanke zuwa wani wuri kafin ka gama ganinsa. Minti huɗu ana wannan ɓoyo. Ido kuwa ba ya haƙura da fuskar da aka hana shi, sai ya yi ta leƙe.

Akwai 'yan matan zuga, masu rawa da tuntu a hannu kamar yadda ake yi a gefen fili a wasannin makarantun Amurka, sai dai kayansu baƙaƙe ne, a ƙirji an zana harafin A cikin da'ira, alamar masu ƙin kowace irin hukuma. Tunanin yana da kaifi: an ɗauki alamar biyayya ga makaranta an liƙa mata tambarin tawaye. Amma a ganina nan ne bidiyon ya fi rauni. Cobain ya so a kawo 'yan matan da ba su yi kama da na talla ba, Bayer ya zaɓi kyawawa, kuma nasa zaɓin ne ya tsaya. Yadda kyamara ke bin jikinsu, sau da yawa ba tare da damuwa da fuska ba, bai bambanta da tsofaffin bidiyon da ake cewa an zo rushewa ba. An canza rigar, kallon yana nan.

Sai dattijo mai shara da bokitinsa da sandar goge ƙasa, yana rangaji shi kaɗai. Shi ne babba ɗaya tilo da aka bari ya ji daɗin kiɗan, kuma shi ne mafi ƙanƙantar matsayi a makarantar. A wurin mai tace hoto yana da wani amfani na daban: wurin hutawa ne. Duk lokacin da ido ya gaji da gashi da hayaƙi, a yanka zuwa gare shi, a numfasa, a dawo.

Hoto yana bin numfashin waƙa

Waƙar kanta a kan sanyi da zafi aka gina ta. A baiti, bes da ganguna ne ke tafiya ƙasa-ƙasa, jita na sakin sauti biyu kacal suna lilo. A amshi komai ya fashe. Cobain ya amsa cewa daga ƙungiyar Pixies ya kwaso wannan salo. Tacewar ta bi sawu. A baiti hotuna na daɗewa, kyamara na shawagi, ana jan motsi ya koma tafiyar hawainiya. A amshi yanka na ƙaruwa, hoto na gajarta, sau da yawa yankan na faɗawa daidai bugun ganga har ka ji shi a jiki.

Tafiyar hawainiyar nan tana buƙatar bayani ga wanda bai saba ba. Fim na gudu ne da hotuna 24 a daƙiƙa. Idan ka ɗauka da 48 ka nuna da 24, motsin daƙiƙa ɗaya zai ci biyu. Abin da hakan ke yi wa gashi da hayaƙi da tuntu shi ne ya ba su nauyi, su yi kamar a cikin ruwa suke. Haɗa wannan jinkiri da kiɗa mai gudu yana haifar da wani jan zare a ciki: kunne na gaba, ido na baya.

Abin da ya fi burge ni shi ne ba a saki taron a amshi na farko ba. Kiɗa ya fashe, amma yaran na zaune, kai kawai ke kaɗawa, gashi na tashi. Sannu a hankali ake ƙara musu igiya, wasu su miƙe, wasu su sauko, har lokacin da jita ta karɓi karin waƙar ita kaɗai, sannan fili ya cika. Na taɓa karɓar aikin wata waƙa inda darakta ya sa masu rawa suka zuba duk ƙarfinsu tun baitin farko. Da na zauna tacewa sai na ga ba ni da inda zan hau. Minti na huɗu daidai yake da minti na ɗaya, mai kallo ya ƙoshi tun kafin a kawo nama. Babu dabarar kwamfuta da ke gyara wannan, don matsalar tun lokeshan aka haife ta.

Inda wasa ya daina zama wasa

Mu koma kan benci. A harkar fim, mutanen da ake tarawa don su cika wuri 'yan cikon benci ne, kuma a nan kalmar ta zauna daram, benci aka ba su su cika. To amma waɗannan ba ƙwararru ba ne da suka saba zaman jira. Masoyan ƙungiyar ne, sun zo da zafinsu, ga gwanayensu a gabansu suna mamin waƙa ɗaya ba iyaka, ga hayaƙi, ga zafin fitilu, ga darakta sabon hannu yana daka musu tsawa su natsu. Gundurar da aka ce su kwaikwaya da rana ta zama ta gaske kafin yamma, daga nan ta zama haushi. Tsakanin Cobain da Bayer ma ba daɗi.

A ƙarshe Cobain ya matsa a bar su su sauko su yi abin da suka ga dama. Bayer ya yarda, kyamara na gudu. Abin da ya biyo baya ba wanda ya tsara shi: turereniya, bangazar juna, ana ɗaga mutum bisa kawuna, ana wawure kayan kiɗa, Cobain na dukan ƙasa da jita. Kayan da aka shirya wurin da su suka tarwatse.

Ana yawan ba da wannan labari a matsayin sa'a, wai rikici ya ɓarke aka dace kyamara na kunne. Ban yarda da rabin wannan ba. Gaskiya ne ba a tsara wane zai ture wane ba. Amma an tanadi duk abin da zai sa hargitsin ya ɗauku: fitilu na baya, don haka duk inda mutum ya faɗa haske zai kama gefensa, hayaƙi ya haɗe taron ya zama jiki ɗaya, babu dandamalin da zai raba su da makaɗa. Da hasken gaba aka yi amfani da shi, irin wanda ke buƙatar kowa ya tsaya a alamarsa, da rabin hotunan sun lalace. Sannan jerin aikin ya taimaka, ko da niyya ko babu. Wurin da za a farfasa dole shi ne na ƙarshe a ɗauka, don ba kuɗin sake gini. Wannan tilas ta sa yaran suka bi hanyar da labarin ke bi, daga zama zuwa gundura zuwa fashewa, a jikinsu na gaske. Fuskar wanda aka ce ya yi fushi daban take da ta wanda ya wuni a kan katako.

Sai dai kada wani darakta ya karanta wannan ya ce ya sami lasisin wahalar da mutane. An yi dace ba labarin wani mummunan rauni ya biyo baya ba, kuma Nirvana ba ta sake aiki da Bayer ba. Bidiyon da suka biyo baya na wannan kundi Kevin Kerslake ne ya yi su.

Teburin tacewa

Da Bayer ya kawo nasa yankan, Cobain bai gamsu ba. Ya je da kansa ya zauna aka sake tacewa, kuma canji biyu da ya yi su ne suka mai da bidiyon abin da muka sani.

Na farko cirewa ne. Bayer ya ɗauki wasu fitowa na shugaban makaranta a gefen lasifika ana watsa masa yankakkun takardu, da wani malami mai shigar gidadanci yana rawa da hular wawaye. Wannan barkwanci ne irin na finafinan makaranta, mai nuna maka da yatsa ga azzalumi ga abin dariya. Cobain ya zubar da na shugaban gaba ɗaya, na malamin ma ya bar kaɗan. Da aka cire su sai boren ya rasa takamaiman abokin gaba. Ba wani shugaba ake wa tawaye ba, ba wata doka aka ambata ba. Haushi ne kawai, wanda kowane matashi a kowace ƙasa zai iya zuba nasa dalilin a ciki. Waƙar ma haka take, kalmominta ba sa fita sosai, har MTV ta shirya wani kwafi mai rubutu a ƙasa don mutane su san abin da ake faɗa.

Na biyu ƙari ne: hoton kusa na fuskarsa, dab da ƙarshe. Bayan minti huɗu na gashi da inuwa, sai ga fuska ta cika allo, haske ya buge ta, ido a buɗe, baki na ihu cikin kyamara. Wannan ne biyan bashin da aka ci tun daƙiƙar farko. Da an nuna fuskar nan a minti na ɗaya, hoton kusa ne kamar kowane. Jiran da aka sa mu ne ya ba ta nauyi. Akwai abin mamaki a nan: mutumin da aka sani da gudun zama tauraro shi ne ya saka hoton da ya mai da shi tauraro, da hannunsa. Bayer dai ya shaide shi da cewa, saɓanin mawaƙan da ya yi aiki da su daga baya, ba kyan kansa ne ya dame shi ba, so yake bidiyon ya faɗi gaskiyar ko su wane ne. Ina ganin duka biyun gaskiya ne. Fuskar da ya saka ba ta ado ba ce, ta mai ciwo ce, amma ya san sarai inda ya ajiye ta.

Abin da ya biyo baya an sha faɗarsa. MTV ta fara nuna bidiyon ranar 29 ga Satumba, 1991 a shirin dare na 120 Minutes, kwana biyar bayan fitar kundin, daga baya ta shigar da shi cikin na rana. Waƙar ta kai lamba 6 a jadawalin Billboard na waƙoƙin da suka fi tashe a Amurka, kuma a Janairun 1992 Nevermind ya ture kundin Dangerous na Michael Jackson daga lamba 1. Bidiyon ya ci kyauta biyu a bikin MTV na 1992, ya kuma haura kallo biliyan 1 a YouTube a Disambar 2019. Bayer, wanda aka ɗauka don ana zaton bai iya ba, ya zama ɗaya daga cikin manyan masu wannan sana'a, ya yi wa ƙungiyoyin The Cranberries da Green Day aiki. Launin ruwan goro da hayaƙi da hasken baya suka zama yayi, har kamfanonin talla suka ɗauka.

Hoton fuskar ba shi ne na ƙarshe ba. Bayansa akwai wani gajere: zauren ya yi tsit, dattijon nan na shara, ga wani mutum ɗaure a jikin sandar ragar ƙwallo da doguwar hula a ka. Yaran da nake koya wa aiki kusan kullum sai sun tambaye ni wane ne wannan, daga ina ya fito. Malamin nan ne mai rawa, ragowar labarin Bayer da almakashin Cobain ya tsallake.